AiM MXS Strada a motar gudu: allon ya yi, amma aikin yana bayansa

Mitocin da kamfani ke sa wa mota ba don su faɗa wa direba komai aka yi su ba. A yawancin motocin zamani allurar zafin injin takan hau tsakiya ta tsaya cak, ko ruwan ya ɗan sauka ko ya haura, domin an tsara ta ne kada ta tayar wa mai mota hankali. Jar fitilar baƙin mai ta fi ta rowa. Makunni ne kawai a bayanta, kuma a yawancin injuna ba ya kunna ta sai matsin man ya faɗi ƙasa da rabin bar (bar ma'aunin matsi ne). Injin da ke juyi 6,500 a minti, in matsinsa ya kai can ƙasa, ɓarna ta riga ta fara kafin ido ya kai ga fitilar. Ga motar zuwa aiki da dawowa wannan ba matsala ba ce. Ga motar gudu da ake shiga doguwar kwana da ita da ƙarfi, mai yana tattaruwa gefe guda a kaskonsa har famfo ya shaƙi iska, babbar matsala ce.

Wannan giɓin ne allunan mita na dijital da ake saye daban suke cikewa, kuma AiM MXS Strada na cikin waɗanda aka fi gani a motocin da ke hawa titi kuma suke shiga filin tsere. Hukuncinmu a kansa shi ne: kaya ne mai inganci, ya cancanci kuɗinsa ga wanda zai ƙara masa na'urar auna matsin mai ya kuma zauna ya tsara gargaɗinsa. Wanda zai soka shi a soket ɗin OBD kawai, wato inda makanike ke jona kwamfutar binciken mota, don ya ga lambobi masu launi, ya sayi doki ne ya ɗaure a turke.

Abin da ke cikin akwatin

AiM kamfanin Italiya ne da ya yi suna wajen na'urorin auna tsere. MXS allo ne mai inci 5, ɗigo 800 a kwance da 480 a tsaye, a cikin gida na alminiyam, da maɓallai a gefe biyu. A samansa akwai jerin fitilu 10 masu nuna lokacin sauya giya, a gefunansa kuma fitilun gargaɗi 6. Yana da na'urar da ke jin hasken waje ta rage ko ta ƙara hasken allon. Yayyensa su ne MXP mai inci 6 da MXG mai inci 7, duk manhaja ɗaya suke amfani da ita.

Kalmar Strada tana da muhimmanci, kuma mutane da dama sai bayan sun saya suke gane ma'anarta. Samfurin Strada nuni kawai yake yi, ba ya ajiye bayanan tafiya a cikinsa. In kana so ka dawo gida ka buɗe kwamfuta ka ga yadda matsin mai ya yi a kwana ta uku, MXS wanda ba Strada ba kake nema, kuma ya fi tsada. Haka nan ana sayar da Strada da fuska iri biyu, ɗaya da alamomin titi irin su sigina da dogon haske, ɗaya da alamomin tsere. Motar da za ta hau titi, ta farkon ta dace da ita.

A bayansa soket biyu ne, mai fil 14 da mai fil 23. Ƙaramin shi ke ɗauke da wuta da hanyar magana da ƙwaƙwalwar injin, wato ECU. Babban kuma can ne mafi yawan mashigan na'urorin aunawa suke, waɗanda jimillarsu 8 ce. Ka tambayi mai sayarwa ƙarara ko damin wayoyin babban soket ɗin yana cikin abin da ka biya, domin ba tare da shi ba rabin amfanin allon a rufe yake.

Inci 5 yana jin kamar ƙarami a takarda. A cikin mota akasin haka ne. Direba ta cikin ramin sitiyari yake kallon mita, kuma sitiyarin tsere mai faɗin milimita 330 zuwa 350 yakan yanke saman allo mai inci 7, daidai inda fitilun giya suke. Kafin ka zaɓi girma, yanki kwali daidai girman allon, ka manna shi inda zai zauna, ka shiga kujera yadda kake tuƙi, da hular kwano in kana sawa, ka duba ko kusurwoyi huɗun suna fitowa.

Daga ina lambobin ke zuwa

Nan ne ake rabuwa tsakanin wanda ya ji daɗin allonsa da wanda ya ce yana jinkiri. Hanya uku ce.

Ta farko ita ce tambaya da amsa ta soket ɗin OBD-II, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Allon yana tambayar ECU juyin injin, ya jira amsa, ya tambayi gudu, ya jira, ya tambayi zafin ruwa, ya jira. Duk abin da ka ƙara a jerin, kowane ɗaya zai rage saurin sabuntawa. A tsofaffin motoci masu layin K, wanda ke fil na 7 kuma yake tafiya da kilobit 10.4 kacal a daƙiƙa, za ka ga lambar juyi tana tsalle maimakon ta hau a hankali, fitilun giya kuma suna zuwa a makare. Ba laifin allon ba ne, hanyar ce ƙunci gare ta. A irin wannan mota ka ɗauko juyin injin kai tsaye daga wayar da ke kai shi tsohuwar mita, ka bar wa OBD abubuwan da ba sa sauri kamar zafin ruwa da zafin iska.

Ta biyu ita ce sauraron hirar da na'urorin motar ke yi da juna a layin CAN. Bosch ne ya fito da wannan tsari a 1986, kuma tun 2008 duk motar da aka sayar a Amurka da shi take magana a soket ɗin OBD: fil na 6 shi ne CAN na sama, fil na 14 na ƙasa, yawanci da kilobit 500 a daƙiƙa. A nan allon ba ya tambayar kowa. ECU da na'urar birki suna ta watsa bayanansu sau da yawa a kowace daƙiƙa, shi kuma yana tsinta. Toyota 86 da Subaru BRZ na zubin farko, waɗanda suka fito a 2012, misali ne mai kyau: juyin injin, gudun kowace taya, kusurwar sitiyari, matsin birki, zafin ruwa da zafin baƙin mai duk suna yawo a layin da ke isa soket ɗin OBD. Mitar kamfanin ta farko ba ta nuna zafin man ba, alhali lambar tana nan a waya tun daga masana'anta. Babban ƙarfin AiM shi ne ɗimbin yarukan motoci da na ECU da ya riga ya tanada a manhajarsa. Ka zaɓi kamfani da samfuri daga jeri, layukan su bayyana da sunayensu. Sai dai ka duba jerin kafin ka saya, ka karanta takardar motarka ka ga ainihin abin da yaren ke bayarwa. A sababbin motoci da yawa akwai na'ura mai tsaron ƙofa tsakanin soket ɗin OBD da layukan ciki, ba ta barin hirar ta fito. A irin waɗannan sai an shiga layin ta wani wuri, ko a haƙura da tambaya da amsa.

Ta uku ita ce na'urorin aunawa naka na kanka. Ko da motarka tana magana da CAN da kyau, wannan hanya ba ta da makawa, domin motocin gudu da yawa, har da 86 da BRZ ɗin da muka ambata, ba su da na'urar auna matsin mai ko kaɗan, makunni kawai gare su. Abin da motar ba ta auna ba, babu allon da zai nuna shi.

Matsin mai, inda ya kamata a kashe lokaci

Na'urar da ta dace ita ce mai waya uku, mai auna sifili zuwa bar 10, wadda ake ba ta volt 5 ta mayar da volt 0.5 a sifili da volt 4.5 a ƙarshe. Wannan tazarar da aka bari a ƙasa da sama tana da amfani: in ka ga volt sifili ko volt 5 cif, ka san waya ce ta tsinke ko ta haɗe, ba injin ba ne. Bosch na da wata mai haƙorin M10x1 da ke auna matsi da zafi a jiki ɗaya, tana rage maka rami guda.

Kuskuren da ya fi yawa a nan na haƙori ne. Yawancin na'urorin da ake sayarwa haƙorinsu 1/8 NPT ne, mai zare 27 a inci. Ramin makunnin mai a yawancin injunan Japan kuwa 1/8 BSPT ne, mai zare 28. A ido iri ɗaya ne. Zai shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya, sannan ya fara cin haƙorin alminiyam, daga nan sai tsiyaya, in aka matsa da ƙarfi kuma jikin injin ya tsage. Mahaɗa mai sauya haƙori ƙaramar aba ce, kada a yi ƙyashinta.

Na biyu na jijjiga ne. An saba ganin an ɗaura mahaɗar tagulla mai baki uku a ramin makunnin, an rataya tsohon makunni a baki ɗaya, sabuwar na'ura a ɗayan. Nauyin nan yana lilo a kan siririn wuyan tagulla duk lokacin da injin ke aiki, kuma ranar da wuyan ya karye famfo zai zubar da man injin cikin daƙiƙoƙi, a kan bututun hayaƙi mai zafi. Abin da ya kamata shi ne a jawo gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe, girman AN3 ko AN4, daga injin zuwa jikin mota, a ɗaure na'urar a can da maɗauri mai roba. Hakan yana kuma tsawaita ranta, domin zafi da jijjiga su ke kashe irin waɗannan na'urori. Hanya ta biyu ita ce faifan da ake sawa tsakanin filtar mai da mazauninta, mai ramuka a gefe. Yana da sauƙi, amma ka tabbata tsawon da ya ƙara bai sa filtar ta taɓa wani abu ba, kuma zoben robarsa ya zauna daidai.

Kada ka cire makunnin kamfani. Ka bar shi da fitilarsa, ya zama shaida ta biyu.

Wayar nagatif ta na'urorin aunawa ta koma filin da allon ya ware mata, kada a ɗaure ta a jikin mota ko jikin injin. Fankar lagireto ko fitilun gaba in suka kama, wutar da ke bi ta jikin mota takan ɗaga matsayin nagatif da ɗan kaɗan. A na'urar da volt 4 ke wakiltar bar 10, kuskuren volt 0.1 daidai yake da rubu'in bar. In ka ga matsin mai yana motsi duk lokacin da ka kunna fitila, can za ka fara dubawa.

Gargaɗin da ke da hankali

Wannan shi ne dalilin sayen allon, kuma nan Strada ya fi burge mu. Manhajar AiM ta tsara allon, Race Studio 3, tana barinka ka haɗa sharuɗɗa, ba iyaka ɗaya kawai ba. In ka ce fitila ta kama duk lokacin da matsi ya gaza bar 2, za ta riƙa kamawa a kowace tsayawa in mai ya yi zafi, bayan mako guda idonka ya daina ganinta. In ka sauke iyakar zuwa bar 1 don ta yi shiru, ta zama ba ta da amfani a babban juyi. Mafita ita ce a ɗaure matsi da juyi. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce kusan bar 0.7 a kowane juyi 1,000. Ba doka ba ce, injuna sun bambanta, musamman masu famfon da ke sauya ƙarfinsa, amma mafari ne mai kyau. Sai ka gina matakai: juyi ya wuce 500 kuma matsi bai kai 0.8 ba, juyi ya wuce 3,000 kuma matsi bai kai 2 ba, juyi ya wuce 5,500 kuma matsi bai kai 3.5 ba. Kowane ya cika, jar fitila ta yi ƙyaftawa, saƙo ya rufe allon. Waɗannan lambobi na farawa ne. Ka yi tuƙi da man da ya yi zafi sosai, ka ga ainihin abin da injinka ke bayarwa a kowane mataki, sannan ka sa iyakar ƙasa da shi kaɗan.

Ka sa ɗan jinkiri, kamar rabin daƙiƙa, kafin gargaɗin ya tashi, don kada tsallen lantarki ya ruɗe ka. Amma ka sa shi ya daɗe a kunne na wasu daƙiƙoƙi bayan sharaɗin ya wuce. Faɗuwar matsi a kwana ba ta daɗewa, kuma a lokacin idon direba yana kan hanya, ba kan allo ba. Tunda Strada ba ya ajiye bayanai, wannan fitilar da ta ƙi mutuwa ita ce kaɗai za ta gaya maka wani abu ya faru.

Ja ka bar wa abin da ke nufin a ɗaga ƙafa yanzu: matsin mai da zafin ruwa. Sauran, kamar ƙarancin fetur ko raunin caji, su ɗauki ruwan ɗorawa. Direban da ya sa launi shida masu ma'ana shida ba zai tuna ko ɗaya ba a gudun kilomita 160.

Fitilun giya ana iya tsara su daban ga kowace giya, kuma ya kamata a yi hakan. A giya ta ɗaya da ta biyu juyi yana hawa da sauri har kafin hannu ya kai ga sanda an bugi iyaka, don haka fitilun su riga. A injin da jan layinsa, wato iyakar juyinsa, ke 7,400, kamar na 86, ƙyaftawar ƙarshe za ta iya zuwa a 6,900 a giya ta ɗaya, a 7,200 a giya ta huɗu. 

Inda manhajar ta gaza

Race Studio 3 a Windows take aiki. Ba ta da wuyar koyo ga wanda ya san abin da yake nema, amma tana ɗauka ka riga ka sani. Babban abin da zai ba wasu haushi shi ne fuskar allon. AiM yana ba ka jerin zane-zanen da ya riga ya yi, ka zaɓi ɗaya, ka cika gurabensa da layukan da kake so, ka sauya launi da iyaka. Ba za ka ja mita daga kusurwa zuwa kusurwa ko ka zana taka daga farko ba. Wanda burinsa ya mayar da allon kamar na wata tsohuwar mota da yake ƙauna, AEM CD-7 da manhajarsa DashDesign, ko ECUMaster ADU, sun fi ba shi sarari. A ganinmu wannan ƙuncin yana da alherinsa, domin zanen AiM ana karanta shi da kallo ɗaya, yawancin fuskokin da mutane ke zana wa kansu kuwa cunkoso ne. Shafin tuƙi bai kamata ya wuce abu biyar ko shida ba: juyi, giya, gudu, zafin ruwa, zafin mai, matsin mai. Sauran su koma shafi na biyu.

Wanda ECU ɗinsa Haltech ne, iC-7 na kamfanin ya fi masa sauƙi, waya ɗaya ce tsakaninsu. MoTeC C125 kuma wani mataki ne na daban, a iyawa da kuma a tsada. Strada ya fi dacewa da motar da ke kan ECU na kamfani, ko wadda mai ita bai yanke shawarar ECU ɗin da zai koma ba.

Kada ka yi gaggawar cire tsohuwar mita

Hotunan da ake gani na allo zaune tsaf a ramin tsohuwar mita su ke jawo mafi yawan kuka. Mitar kamfani ba nuni kawai take yi ba, a motoci da yawa tana cikin masu aiki.

A Audi TT na farko da Golf na huɗu, na'urar hana sata da ke tantance makulli a cikin mitar take. Ka cire ta, injin ya tashi ya mutu nan take. A Subaru da yawa ma mitar tana cikin na'urorin da aka ɗaura wa makullin. A Mazda MX-5 na farko da Nissan Skyline R32, igiya ce ke juyowa daga giyabos zuwa mitar, mitar ce kuma ke mayar da juyin ya zama siginar gudu ga sauran na'urori. Ka cire ta a R32, na'urar juya tayoyin baya da taimakon sitiyari su rasa gudun da suke dogara da shi. A motocin zamani kuma sauran na'urori suna jiran saƙon mitar a layin CAN, in suka daina jinsa sai su fara rubuta kuskure, wani lokacin ma ɗaya daga cikin rizistocin ƙarshen layin a cikinta yake.

Ga kuma altaneta. A tsofaffin motoci, ƴar wutar da ke bi ta ƙwan fitilar batir ita ce ke tayar da altaneta ya fara caji. An cire mita, an cire ƙwan, mota ta tashi lafiya ta yi tafiya, batir kuma yana ta ƙarewa ba wanda ya sani. Maganinsa rizista ce mai ohm 47 zuwa 100, mai ɗaukar watt 5, daga wutar makulli zuwa filin fitilar a altaneta. Bayan an haɗa a auna: injin na aiki, batir ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5.

Saboda haka ga duk motar da ke da CAN da jakar iska, shawararmu ita ce a bar mitar kamfani a haɗe. Ko dai a ɗora Strada a gabanta a kan wuyan sitiyari yadda fitilun gargaɗinta za su riƙa leƙowa, ko a tura ta wani wuri da ake iya ganinta. Fitilar jakar iska, ta ABS (na'urar hana birki kulle taya) da ta injin ba ado ba ne, kuma a Birtaniya, misali, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, yana duba su. Lissafin kilomita ma haka: na Strada daga sifili zai fara, kuma sauya abin da mota ta ci ba tare da bayyanawa ba laifi ne a ƙasashe da yawa. Ka ɗauki hoton tsohuwar lambar da ranar da aka yi aikin, ka ajiye tare da takardun mota.

In kuma motar tsohuwa ce ko ta filin tsere zalla, aka cire mitar gaba ɗaya, ma'aunin fetur ne zai fi cin lokaci. Abin da ke cikin tanki rizista ce mai sauyawa, kuma kowane kamfani da nasa: tsofaffin GM sifili zuwa ohm 90, VDO 10 zuwa 180, wasu kuma 240 zuwa 33, wato a juye. Allon volt yake karantawa, don haka sai an sa rizista daga volt 5 zuwa wayar. Girmanta yana da tasiri. Da ohm 1,000 a kan ma'auni mai 10 zuwa 180, duk tankin zai matse tsakanin volt 0.05 da 0.76, ƙaramin motsi ya zama lita da yawa. Da ohm 240 zai bazu daga 0.2 zuwa 2.1, ya fi daidai nesa ba kusa ba. Sannan a zuƙe tankin, a ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a riƙa zuba lita 5 ana rubuta volt har ya cika, domin tanki ba akwati ba ne, rabin tsayinsa ba rabin cikinsa ba ne. Motoci masu jan baya kamar Nissan 350Z, Mazda RX-8 da Toyota 86 tankinsu kamar sirdi yake a kan sandar da ke kai ƙarfi baya, da ma'auni biyu, ɗaya a kowane ɓangare, dole a lissafa duka biyun. A ƙarshe a sa wa layin tacewa mai nauyi, in ba haka ba lambar za ta yi ta rawa a kowace kwana.

Haɗa wayoyin

A cire nagatif na batir tukuna, a jira. Toyota na cewa daƙiƙa 90, Honda da Nissan minti 3, kafin a taɓa komai kusa da wayoyin jakar iska, waɗanda soket ɗinsu ruwan ɗorawa ne. Wutar allon ta fito daga layin da ke kamawa da makulli, ta fis nata mai amfiya 3. Fil na 16 a soket ɗin OBD wuta ce da ba ta mutuwa ko an zare makulli, wanda ya ɗauka daga nan zai tarar da batir a kwance. A kuma zaɓi layin da ba ya yankewa lokacin da ake tayar da injin, in ba haka ba allon zai mutu ya sake kunnuwa daidai daƙiƙoƙin da ake son ganin matsin mai ya hau.

Wayoyin CAN biyu a murɗe su tare har bakin soket, reshen ya zama gajere, a nisanta shi da kwayil da wayoyin fulogi. Gwajinsa ɗaya ne: batir a cire, a sa mitar auna ohm tsakanin wayoyin biyu. Ohm 60 na nufin rizistoci biyu masu 120 suna nan, lafiya. In 120 ya fito, ɗaya ta ɓace. In 40 ya fito, an ƙara ta uku, a cire ta. In allon ya kama amma babu ko lamba ɗaya daga ECU, kafin a zargi komai a musanya wuraren wayoyin biyu, domin juya su shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma ba ya ƙona komai.

A matse fil da filayar da aka yi don shi, kada a liƙa da dalma. Dalma tana bin cikin waya ta sandarar da ita, jijjiga kuma ta karya ta daidai inda taurin ya ƙare, a ƙarƙashin roba inda ido ba ya gani. Maƙalan nan masu huda rigar waya kuwa ba su da wuri a layin CAN.

Gudun da allon zai nuna yakan gaza na tsohuwar mita da ɗan kaɗan, kuma ba kuskure ba ne. Ƙa'ida ta 39 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan motoci ta hana mita nuna ƙasa da ainihin gudu, ta kuma yarda ta wuce shi da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, shi ya sa kamfanoni ke ɗaga tasu. A gwada da GPS a miƙaƙƙiyar hanya, a gudu ɗaya da bai sauyawa, a 60 da kuma a 100, a sake gwadawa duk lokacin da aka sauya girman taya. Da dare kuma a duba hasken allon a hanya marar fitilu, a duba na fitilun giya ma, domin hasken da ya yi daidai da tsakar rana yana kashe ido bayan magariba.